Nauyin Makullai

Da makulli ɗaya na fara,
mai tsatsa, ɗaure da igiyar takalmi.
Gidan katako ne a titin Grant, cikin Bafalo,
rufinsa kwando, matakalarsa na kuka in an taka.
Dala dubu talatin da takwas:
kwasar adashin direbobi ta shekara uku,
da sarƙar da Asabe ta cire daga wuyanta
ba ta ce uffan ba.

Muka tare a ƙasa, muka ba da sama haya
ga wani ɗan Yaman mai yara biyar,
masu guje-guje a kan barcinmu.
Ran ɗaya ga wata ya sauko da ambulan.
Asabe ta ce, a sayi kujeru.
Na ce, ba a soya ƙwan da kaza ke kwanci a kai.
Muka ci gaba da zaman darduma.

Dare na tasi, rana ta fenti.
Na koyi yaren famfo,
na gane tarin tukunyar ɗumama gida
tun kafin ta kwanta ciwo.
Na kwashe dusar ƙanƙara da shebur
har ƙuguna ya daina gaishe ni.
Duk dalar da ta shigo
ban bar ta ta cire takalmi ba,
na kora ta ta nemo 'yan'uwanta.

Gida na biyu, ƙofa huɗu.
Na uku, tsohon kanti da ɗakuna a kansa.
Ran da na sayar da na farko
don in haɗa kuɗin benen jan bulo na titin Niagara,
Asabe ta tsaya a tsakar ɗaki
tana shafa bangon da ta goge da hannunta.
Na ce, ƙofa goma sha biyu fa!
Ta ce, na ji.

Yanzu aljihuna ya yage sau uku.
Ina tafe ina ƙara kamar akuya mai ƙararrawa.
Ƙarfe biyun dare waya kan tashe ni:
ruwa ya fashe a lamba shida,
ɓera ya leƙo a lamba uku.
Wai ni ne mai gida.

Akanta ya jera mini lambobi, ya ce a ƙara haya.
Na hau da takarda zuwa lamba tara,
wurin tsohuwa Loretta, shekara talatin da ɗaya a ɗakin.
Ta zuba mini shayi mai zaƙi fiye da kima,
ta nuna mini zanen biro a jikin ƙyaure,
tsayin ɗanta, shekara bayan shekara,
har inda zanen ya tsaya.
Ban tambaya ba.
Na sauko da takardar a aljihu,
makullai suna cizon ta.
Sauran goma sha ɗayan kuwa na ƙara musu,
kada a ɗauke ni waliyyi.

Jiya Siyama, autarmu, muna wucewa a mota,
ina nuna mata: wancan namu, wancan ma namu,
ta ce, Baba, to wanne ne gida?

Kujerun sun iso tun bara,
masu laushi, ruwan toka.
Ban san taushinsu ba sai a bakin baƙi.

Ɗazu dillali ya kira.
Ƙofa talatin, kusa da kogi, mai shi ya gaji.
Tsofaffi sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.
Na zazzage nawa a kan tebur,
ina juya su ɗaya bayan ɗaya,
ko zan gane wanne ne shi.
Asabe na kallona daga kujerarta.
Wayar na hannuna, ban kashe ba tukuna.